Soro da Guttiyya: Yadda Kakanninmu Suka Yi wa Wuta Iyaka

Duk mazaunin Gadarif ya san abin da rani ke zuwa da shi. Da zarar an gama yankan dawa da riɗi, ciyawa ta bushe, iska ta taso, tartsatsi guda ya isa ya lashe jerin guttiyoyi kafin masu kashe gobara su iso. Mukan ce ƙaddara ce, kuma haka ne. Sai dai tarihin gini a ƙasar Hausa ya nuna kakanninmu ba su jiran wuta ta tashi sannan su nemi guga. Tun wurin aza tubali suke yanka mata iyaka.

A biranen Kano, Katsina da Zariya, mai hali soro yake ginawa. Bangonsa na tubali ne mai kauri, rufinsa kuwa azarar giginya ce, a shimfiɗa zana a kanta, a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a shafe da makuba ko laso. Azara itace ce, amma da yake a binne take cikin ƙasa, wuta ba ta samun iskar da za ta ci ta. Haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846).

Talaka ma, mai ɗakin jinka, yana da tasa dabarar. Hatsi yana cikin rufewa ta ƙasa, can gefe. Madafa daban take da ɗakin kwana. Tsakar gida fili ne da harshen wuta zai sha wuya kafin ya tsallake. A ƙasar Zazzau, inda ruwan sama ke da yawa, akan ɗora jinka bisa rufin ƙasa, ta yadda in gobara ta zo sai ta cinye hular ta bar kan. Hikimar guda ce: a raba gida kashi-kashi, don wutar da ta kama ɗaki ɗaya ta mutu a cikinsa.

To, me ya sa muka bar soro? Iyayenmu sun shigo Sudan a kan hanyar hajji, wasu kuma cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai Muhammadu Bello Mai Wurno gaɓar Shuɗin Nilu. Da noman inji ya buɗe a yankin Gadarif cikin shekarun 1940, jama'a suka ƙaru. Nan suka tarar da baƙar laka mai kumbura da damina, mai dararrashewa da rani, wadda ke tsaga bango mai nauyi. Guttiyya kuwa ba ta da nauyi, ga sanyi, ga araha. Suka karɓe ta, suka kuma koyi matmura, ramin ajiyar dawa, wanda wuta ba ta kai wa gare shi. Abin da ya ɓace a hankali shi ne tazara, domin da iyali suka yawaita, sai guttiyya ta jingina da rakuba, rakuba ta jingina da dangar maƙwabci.

Wasu al'ummu da tsada suka sayi wannan darasi. Gobarar Landan ta 1666 ta cinye gidaje fiye da 13,000, shi ya sa dokar 1667 ta wajabta gini da bulo ko dutse. A yau manyan gine-gine ana raba su da bangaye masu jure wuta, a sa musu ƙofofi na musamman da ke tsare wuta minti 30 ko 60. Irin wannan ƙyaure yana rufe kansa, kuma a gefensa akwai wani siririn abu da ke kumbura in ya ji zafi, ya toshe kafa. In aka tokare shi da dutse don shan iska, amfaninsa ya tafi. Inda kuwa aka cushe gini babu tsakani, mun ga abin da ya sami Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, inda dubban shaguna suka ƙone a dare ɗaya.

Ƙasar Gadarif ta hana mu soro, amma ba ta hana mu tazara ba. Mu nisanta madafa da ɗakin kwana, mu yaɓe bangonta da laka. Mu bar fili tsakanin guttiyya da danga, mu kai harawa da man inji can nesa. Mai iko ya tanadi ɗaki guda mai ƙyauren ƙarfe don takardu da iri. Masu unguwanni kuma su hana cinye lungu, gama lungu shi ne katangar da ba a biya kuɗin ginawa ba. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya tsare mu da dukiyarmu.