Yadda Linux ta koyi sauke tsani ba tare da kayar da mai hawa ba

A watan Janairu na 1961, W. Wesley Peterson da D. T. Brown suka wallafa wata maƙala a Amurka kan hanyar gano ɓarnar da ke samun bayanai, hanyar da aka sani yau da suna CRC. Ana ɗaukar bayanan tamkar doguwar lamba guda, a raba ta da wata lamba da aka amince da ita, a liƙa ragowar a ƙarshensu. Mai karɓa ya maimaita lissafin. Idan ragowar ta bambanta, wani abu ya lalace a hanya. Wannan ragowa ita ce lambar tantancewa.

A 1993 Guy Castagnoli da abokan aikinsa suka fito da nau'in da ya fi kama kurakurai, wanda ake kira CRC-32C, kuma da shi Btrfs da ext4 suke tsare bayanan da ke kan faifai. Lissafin yana cin lokaci, don haka a 2008 kamfanin Intel ya saka umarni na musamman dominsa a cikin furosesocin Nehalem. Tun da ba kowace kwamfuta ke da umarnin ba, Linux ta riƙe hanyoyi biyu: ta gama-gari mai nawa, da mai sauri wadda aka ware a matsayin modul.

Modul guntun manhaja ne da ake cusawa cikin kenel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, alhali tana aiki. Linux ta sami wannan dama tun tsakiyar shekarun 1990. Shigar da modul ba wuya. Sauke shi ne abin tsoro. Idan aka share shi daga ƙwaƙwalwar na'ura yayin da wani sashe yake tsakiyar amfani da shi, furosesa za ta bi adireshin da babu kowa a cikinsa. In an yi sa'a na'ura ta tsaya cak. In ba a yi ba, ta rubuta gurɓatattun bayanai.

Har zuwa Linux 2.4, kowane modul shi ke ƙidayar masu amfani da shi. Aibin tsarin shi ne sai an riga an shiga modul kafin a ƙara ƙidayar, kuma a ɗan wannan tsakani wata furosesa na iya ganin sifili ta sauke shi. A ƙarshen 2002 Rusty Russell, ɗan Ostareliya, ya sake rubuta sashen. Nauyin ya koma kan mai kira: ya nemi riƙo tun daga waje, a ƙara ƙidayar, kuma a hana shi idan an fara saukewa. Da wannan ƙa'ida Linux 2.6 ta fito a Disamban 2003.

Lambobin tantancewa sun zo da tasu matsalar. An yi musu rajista a sashen ɓoye bayanai na kenel, inda kowace hanya ke da daraja, a zaɓi mafi girma. Laburaren CRC-32C yakan kama hanya guda tun farkon tashinsa, ya riƙe ta har ƙarshe. Saboda haka ƙidayar modul mai sauri ba ta komawa sifili, umarnin rmmod ya ƙi sauke shi. Idan kuwa ya iso a makare, na'ura ta zauna da hanya mai nawa. Akwai ma kwamfutocin da suka kasa buɗe Btrfs wajen tashi, domin ba a saka modul ɗin CRC-32C cikin kayan da ake fara lodawa ba.

A 2018 aka gwada wata mafita ga CRC na T10 DIF, wanda ke tsare bayanan manyan faifai. Laburaren ya riƙa sauraron rajistar sabuwar hanya, ya koma kanta, amma ba ya sakin tsohuwar sai duk masu amfani da ita sun kammala. Dabarar ta yi aiki, sai dai ta ƙara sarƙaƙiya, kuma sabon modul ɗin ma ya kasance a riƙe.

Warwarar ta zo a Linux 6.14, wadda ta fito a watan Maris na 2025. Eric Biggers ya haɗa hanyoyin masu sauri kai tsaye da laburaren CRC, ba tare da bi ta sashen ɓoye bayanai ba. Yanzu laburaren yana duba abin da furosesa ta iya tun farko, ya yanke hukunci sau ɗaya. Sauya hanya ana tsakiyar aiki ya ƙare.

Sai dai sabobi masu yawa, a bankuna da kamfanonin sadarwa, suna kan tsofaffin kenel har yanzu, kuma tsohuwar ƙa'ida na aiki a kansu. Ƙin da rmmod ke yi kariya ce. Akwai hanyar tilasta saukewa, amma kenel kan yi wa kanta tambarin gurɓata da zarar an bi ta, kuma masu gyara ba sa amincewa da rahoton matsala daga irin wannan na'ura. Hanyar da ta dace ita ce a rufe faifan da ke dogara da modul ɗin, a sauke modul-modul da ke riƙe da shi, sannan a zo kansa. Idan faifan shi ne wanda tsarin kansa ke zaune a kai, babu makawa sai a hana loda modul ɗin, a sake kunna na'urar.