Filin Wasa da Ɗan Sandan Ciki: Tarihin Wani Nau'in Fim da Matsayinsa a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce bin diddigin wani nau'in fim wanda yake haɗa wasannin motsa jiki da binciken laifi, mu ga inda ya samo asali, da yadda ya iso ga Bahaushe, sa'an nan mu duba abin da birnin Katsina yake da shi wanda zai dace da shi. Ra'ayinmu shi ne, ƙarfin irin wannan fim yana cikin karon da ake yi tsakanin abin da dubban idanu suka gani a fili da abin da aka ƙulla a ɓoye.

2.0 Asalinsa a Turai

Tushen al'amarin yana cikin rubutaccen labari. A 1892 Arthur Conan Doyle ya fitar da Silver Blaze, labarin wani dokin sukuwa da ya ɓace ana dab da gasa, aka kuma tsinci gawar mai horar da shi. Da Sherlock Holmes ya bincika, sai ya gano cewa mamacin ne ya saci dokin da dare don ya gurgunta shi ya ci kuɗin caca, dokin kuwa ya harbe shi. An mai da labarin fim a Ingila a 1937.

A 1939 Thorold Dickinson ya shirya The Arsenal Stadium Mystery, inda wani ɗan ƙwallo ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a filin Highbury, daga baya aka tabbatar guba ce ta kashe shi. 'Yan wasan Arsenal na ainihi da manajansu George Allison sun fito a ciki. Abin lura a nan shi ne, mutuwar ta auku a gaban taron jama'a, amma babu shaida ko ɗaya. Wannan shi ne ginshiƙin nau'in baki ɗaya.

3.0 Isowarsa Ƙasar Hausa

Bahaushe ya san fim ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce majigi, wanda gwamnatin mulkin mallaka take yawo da shi gari-gari don wayar da kai. Ta biyu kuwa gidan silima na kuɗi, kamar Rex da aka buɗe a Kano a 1937, da Palace a 1952. Ta wannan ƙofa ta biyu finafinan kaboyi da na Indiya, daga baya kuma na Chanis, suka shigo biranen Arewa.

A ganinmu, fim ɗin da ya fi kusantar da wannan nau'i ga matasan Hausawa shi ne Enter the Dragon na 1973, wanda Robert Clouse ya ba da umarni, Bruce Lee kuma ya ja ragama, ko da yake ya rasu a watan Yuli na shekarar kafin a sake shi. Galibi ana ɗaukarsa fim ɗin faɗa kurum, alhali gininsa na bincike ne. Jami'in leƙen asiri ne ya tura jarumin gasar da wani attajiri, Han, yake shiryawa a tsibirinsa, don ya samo hujjar fataucin miyagun ƙwayoyi. Da rana ana gasa bisa ƙa'ida, da dare jarumi yana laluben ƙarƙashin ƙasa. Har ila yau, hannun Han guda na ƙarfe ne, wanda yakan musanya da mai wuƙaƙe. Wanda ya saba kallon dambe ba ya bukatar a fassara masa wannan, domin ya san muhawarar da akan yi game da abin da aka ƙunsa cikin ɗaurin hannu.

4.0 Katsina da Kayan Aikin da Ke Ajiye

An san Katsina da hasumiyar Gobarau, alamar daɗaɗɗen iliminta, amma a ƙarni na 20 ta yi suna na biyu a kan doki. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya raya wasan folo a ƙasarsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo, 1944 zuwa 1981, ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan folon Afirka. Inda akwai doki mai tsada, akwai barga, da yaran doki, da kishi, da sirri. Haka nan dambe da kokawa suna tafe da layu da guraye da zargin sammu. Wato dai duk abin da Doyle ya gina labarinsa a kai yana nan a gida, har da ƙari, domin mai bincike Bahaushe dole ya rarrabe tsakanin asiri da maguɗi.

Duk da haka, tun daga Shehu Umar na Adamu Halilu a 1976, zuwa Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 wanda ya buɗe kasuwar bidiyo a Kano, akalar fim ɗin Hausa ta fi karkata ga tarihi da sarauta da soyayya da zaman aure. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ɗaukar hoton wasa yana bukatar kyamara fiye da ɗaya da taron jama'a da kuɗi, sa'an nan tasirin finafinan Indiya ya riga ya shata wa kasuwa hanya.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa wannan nau'i ya tashi daga filin sukuwa na Ingila, ya iso mana a rigar fim ɗin Chanis. Abin da ke cikin haɗari shi ne tarihin wasanninmu, wanda mafi yawansa yana bakin dattawa da makaɗa. Muna kira ga sassan Hausa na kwalejoji da jami'o'i su tura ɗalibai su tattara labaran barga da na dandalin dambe tun masu su suna raye, don marubuta da masu shirya fim su sami abin gini. Da tsohuwar zuma ake magani.