Daga Raleigh zuwa giyar batir

A Madarounfa, kudu da Maraɗi, keken da tsofaffi suka sani giyarsa ɗaya ce. Raleigh na Ingila ya fara yin suna a ƙasar Hausa, daga baya Phoenix na Sin ya shigo da araha. Su ne suka yi dakon buhun gero da jarkar man fetur a hanyar Ɗan Isa da Jibiya. In kaca ta zame, mai faci na bakin kasuwa ya mayar da ita nan take.

A Turai kuwa, masu tsere wata hanya suka bi. Kamfanin Mavic na Faransa ya gwada canza giya da lantarki a 1992, bai karɓu ba. Sai a 2009 Shimano na Japan ya fito da Dura-Ace Di2: a danna maɓalli, ƙaramin inji ya tura kaca. Campagnolo na Italiya ya biyo da EPS a 2011, SRAM na Amurka ya sanar da eTap maras waya a 2015.

Di2 ya yi suna wajen saiti, eTap wajen sauƙin haɗawa. Amma dukansu sai da caji, ga tsada da ta fi ta babur sabo fil, shi ya sa a Madarounfa babur ne ya gaji Raleigh.