Bikin Watan Mafarauta: Tarihin da Ake Rayawa a Gaɓar Kogin Wabash

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. A ƙasar Amurka, garuruwa da dama sun mayar da wannan waiwaye biki na shekara-shekara, inda jama'a kan sanya tufafin kakanninsu, su kafa bukkoki, su raya sana'o'in mutanen da suka fara kafa ƙauyuka a bakin daji. Ɗaya daga cikin fitattun irin waɗannan bukukuwa shi ne Bikin Watan Mafarauta, wanda ƙungiyar tarihi ta gundumar Tippecanoe ke shiryawa kowace kaka tun ƙarshen shekarun 1960, kusa da birnin Lafayette a jihar Indiyana.

Tushen bikin wani sansanin fatauci ne mai suna Ouiatenon, wanda Faransawa suka gina a 1717 a gaɓar kogin Wabash, daura da garuruwan ƙabilar Wea. Duk shekara fatake kan iso da kwale-kwale ɗauke da wuƙaƙe, tukwanen ƙarfe, barguna, duwatsun ado da albarushi, su koma da fatun dabbobi. Wannan haɗuwa ta kaka ita ake kwaikwayo a yau. Mai ziyara zai ga kwale-kwale na isowa gaɓa ana yi musu maraba, ya ga maƙeri a bakin wuta yana dukan jan ƙarfe, mata na kaɗi da saƙa, majemi na gyaran fata, wasu kuma na narka kitse suna yin kyandir. Yaron da ya saba ganin riga a kanti, a nan yake gane yawan kwanakin da zare ke ci kafin ya zama tufa. Gani ya kori ji, kuma wannan shi ne babban amfanin bikin: sana'ar hannu ba ta zama a littafi, sai a hannun mai yin ta.

Sai dai tarihin wurin bai tsaya ga ciniki da kiɗa ba. Turawan Ingila sun karɓi sansanin a 1761, 'yan asalin ƙasar suka ƙwace shi a 1763 lokacin yaƙin Pontiac. A 1791 kuwa, Janar Charles Scott ya zo da mahaya daga Kentucky bisa umarnin gwamnatin Amurka, ya ƙone garuruwan Wea da gonakin masararsu, ya kama mata da yara. Bayan dokar kwashe ƙabilu ta 1830, aka tasa 'yan Potawatomi sama da 850 daga arewacin Indiyana zuwa Kansas a 1838, fiye da 40 suka mutu a hanya, akasarinsu yara. Gonakin da baƙi suka nome, har ake yaba musu juriya, gonaki ne da aka raba masu su da su. Ita kanta masarar, da kwale-kwalen ɓawon itace, da sukarin da ake dafawa daga ruwan bishiya, duk a wurin 'yan ƙasar baƙin suka koya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A garin Rochester na jihar, wanda ayarin Potawatomi ya ratsa ta cikinsa, bikin da aka fara a 1976 yakan karrama zuriyar waɗanda aka kora, a filin da ake ƙira da saƙa. Wannan ita ce hanyar da ta dace. Al'ummar da ta koya wa 'ya'yanta yadda kakanni ke hura wuta, wajibi ne ta faɗa musu kuma gidajen wa wutar ta cinye, domin su gaji sana'ar tare da gaskiyar da ke tattare da ita.