Zare: David Duke, mutumin da ya tuɓe rigar Ku Klux Klan ya saka kwat

1/ Jama'a, zaren yau na David Duke ne, tsohon shugaban wani reshe na Ku Klux Klan, ƙungiyar da ta yi ƙaurin suna wajen kashe baƙaƙen fata a Amurka. A 1991 mutumin nan ya samu ƙuri'a sama da 670,000 a zaɓen gwamnan jihar Louisiana. Yaya aka yi ya kai nan? Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo 🧵

2/ Mu fara da ita ƙungiyar. Tsofaffin sojojin Kudu, waɗanda suka sha kashi a yaƙin basasar Amurka, su suka kafa ta a garin Pulaski na jihar Tennessee bayan an gama yaƙin a 1865. Manufarta ita ce bayin da aka 'yanta kada su yi zaɓe, kada su ɗaga kai. Aikinta duka, rataya da ƙona gidaje, cikin dare, fuska a rufe.

3/ Kada ku ɗauka tsohon labari ne fa. A Satumbar 1963 'yan Klan suka dasa bam a wata cocin baƙaƙen fata a Birmingham, jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka mutu. Lokacin Duke yana da shekara 13. An haife shi a 1950 a Tulsa, ya girma a New Orleans, mahaifinsa injiniya ne a kamfanin mai. Ɗan masu hali ne, talauci bai tura shi ba.

4/ A 1964 da 1965 Amurka ta yi dokokin da suka haramta wariyar launin fata, suka kuma kare 'yancin zaɓen baƙaƙe. Wato dai Duke ya taso daidai lokacin da tsohon tsarin ke rushewa. Ya shiga jami'ar jihar Louisiana a Baton Rouge, nan ya yi suna da tsayawa a fili yana zagin baƙaƙe da Yahudawa.

5/ A 1970 aka ɗauke shi hoto sanye da kakin 'yan Nazi, da tambarinsu a damtse, yana zanga-zanga a jami'ar Tulane. Shekararsa 20 ko ƙasa da haka. Ku riƙe hoton nan a rai, don sai da ya bi shi duk inda ya je neman ƙuri'a.

6/ A 1974 ya kafa nasa reshen Klan ɗin, ya zama shugaba. A nan wayonsa ya fara bayyana. Ya lura farar riga da hula mai tsini tsorata mutane suke yi. Sai ya koma saka kwat, yana zuwa hira a talabijin, yana magana a natse kamar malamin makaranta. Ya buɗe ƙofa ga mata da 'yan Katolika, waɗanda tsohuwar Klan ke ƙyama.

7/ Wani abin dariya daga wannan zamani: a 1978 wani ɗan sanda baƙar fata a Colorado Springs, Ron Stallworth, ya yi ta waya da 'yan Klan a matsayin farar fata, har ya samu katin zama mamba da sa hannun Duke. A cewarsa, Duke ya gaya masa wai shi yana gane baƙar fata daga muryarsa 😂 Spike Lee ya mai da labarin fim a 2018, BlacKkKlansman.

8/ A 1980 ya bar Klan. Ya fita ne a daidai lokacin da wani abokin hamayyarsa a ƙungiyar, Bill Wilkinson, ya zarge shi da yunƙurin sayar da jerin sunayen mambobi kan dala 35,000. Ku lura da maganar jerin sunaye da kuɗi, za ta dawo.

9/ Da ya fita sai ya kafa NAAWP, wai ƙungiyar ciyar da fararen fata gaba. Sunan ma kwaikwayo ne na NAACP, tsohuwar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe da aka kafa tun 1909. Dabarar ita ce ya ari harshen wanda aka zalunta. Yanzu ya daina cewa "mun fi su", ya koma cewa "mu ma ana danne mu". An dai canza wa tuwo suna.

10/ Takara kam ya sha faɗuwa. Majalisar dattawan jiha a 1975 da 1979 ƙarƙashin jam'iyyar Democrat, bai ci ba. A 1988 ya nemi shugaban ƙasa a wata ƙaramar jam'iyya, Populist, ya tashi da ƙuri'a kusan 47,000 a duk faɗin Amurka. A ƙarshen shekarar ya koma Republican.

11/ To me ya canza? Aljihun mutane. Louisiana jihar mai ce. Da farashin mai ya faɗi warwas a 1986, ayyuka suka tafi, rashin aikin yi a jihar ya shiga sahun mafi muni a ƙasar. Mutum ya rasa aiki, bashi ya yi masa katutu, yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Duke ya zo masa da amsa a shirye.

12/ Ku ji yadda yake tsara maganarsa a lokacin. Ba ya ambaton launin fata kai tsaye. Sai ya ce masu karɓar tallafin gwamnati sun zama cima-zaune, aikata laifi ya yi yawa, tsarin ware wa tsiraru gurbi a makarantu da wuraren aiki zalunci ne ga fararen fata. Duk wanda ke sauraro ya san su wa ake nufi, shi kuma yana iya cewa bai kira sunan kowa ba.

13/ Fabrairun 1989 aka yi zaɓen cike gurbi na majalisar dokokin jiha a Metairie, unguwar fararen fata a gefen New Orleans. Shugaba George H. W. Bush da tsohon shugaba Ronald Reagan duk suka fito suka mara wa abokin takararsa John Treen baya. Duk da haka Duke ya ci, da tazarar ƙuri'a 227 kacal.

14/ Wannan kujerar ita ce kaɗai ya taɓa ci a zaɓen gwamnati, wa'adi ɗaya tak. A majalisa ya kawo ƙudurori irin su a riƙa yi wa masu karɓar tallafi gwajin ƙwaya. Ya ce shi ya tuba, abin da ya yi a baya ƙuruciya ce.

15/ Sai wata mata 'yar jam'iyyarsa, Beth Rickey, ta tona asiri. Ta nuna wa duniya cewa a ofishinsa na ɗan majalisa ana sayar da littattafan 'yan Nazi, har da masu ƙaryata kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa miliyan 6. A 1989 fa, bayan "tuban". Matar nan ta sha barazana, kuma shugabannin jam'iyyar a jihar suka ƙi tsawata masa.

16/ A 1990 ya nemi kujerar sanata, ya kara da J. Bennett Johnston na Democrat. Abin ya firgita Republican har ɗan takararsu na hukuma, Ben Bagert, ya janye ana saura kwana biyu, don kada ƙuri'u su rabu. Duke ya faɗi, amma da kusan kashi 44 cikin 100. Ƙiyasi ya nuna kusan kashi 60 na fararen fatar da suka yi zaɓe shi suka zaɓa.

17/ Sai babban wasan, zaɓen gwamna na 1991. Tsarin Louisiana a lokacin shi ne duk 'yan takara na kowace jam'iyya su shiga takarda ɗaya, biyun farko su je zagaye na biyu. Edwin Edwards ya samu kusan kashi 34, Duke kusan 32, gwamna mai ci Buddy Roemer ya zo na uku, ya fita.

18/ Shi wannan Edwards ɗin ya yi gwamna sau uku a baya, ga zarge-zargen cin hanci sun yi masa yawa, ga son caca da kowa ya sani. Mutanen jihar suka tsinci kansu gaba kura baya sayaki. Nan aka fara ganin wata takarda manne a jikin motoci, ma'anarta: "Zaɓi ɓarawon. Abin na da muhimmanci."

19/ Wata huɗu ba a samu ba, wata guda ne tsakanin zagayen biyu, amma abubuwa da yawa sun faru. 'Yan kasuwa suka yi gargaɗin cewa taruka da masu yawon buɗe ido za su ƙaurace wa New Orleans. Bush ya fito ya ce wanda ke ƙaryata kisan kiyashin Yahudawa bai cancanci amana ba. Coci-cocin baƙaƙe suka duƙufa yi wa mutane rajista.

20/ A wata hirar talabijin ta ƙasa, ɗan jarida Tim Russert ya tambaye shi manyan masana'antu uku da suka fi ɗaukar ma'aikata a jihar da yake son mulka. Duke ya kasa. Ni wannan wurin ya fi tsaya min a rai: mutum ya shekara ashirin yana bayanin wa ya jawo matsala, amma bai san ina mutanensa ke samun abinci ba.

21/ Ranar 16 ga Nuwamba 1991, Edwards ya samu kashi 61, Duke 39. Baƙaƙen fata, waɗanda su ne kusan kashi 30 na mutanen jihar, sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Duke kuwa ya bugi ƙirji ya ce ai shi ya ci mutanensa, tunda kusan kashi 55 na fararen fata shi suka zaɓa. Wato da a ce su kaɗai ke zaɓe, da ya zama gwamna.

22/ Shi ma "ɓarawon" bai ba masu takardar kunya ba. A 2000 kotu ta same shi da laifin karɓar cin hanci kan lasisin gidajen caca, aka yanke masa shekara 10. Waɗanda suka zaɓe shi sun san abin da suka saya. Lissafinsu shi ne kuɗin da aka sace ana iya bin sawunsa a kotu.

23/ Daga nan tauraron Duke ya fara dusashewa. Takarar shugaban ƙasa a 1992 ba ta je ko'ina ba, ya sake faɗuwa a 1996 da 1999. Sai aka gano cewa Mike Foster, wanda ya ci gwamna a 1995, ya biya shi sama da dala 150,000 don jerin sunayen magoya bayansa. Ana gudun mutumin a fili, ana sayen ƙuri'unsa a ɓoye.

24/ A Disambar 2002 Duke ya amsa laifin damfara ta hanyar wasiƙa da ƙaryar haraji. Ya yi ta rubuta wa magoya bayansa cewa yana cikin matsin kuɗi, zai rasa gidansa. Suka turo, ya kai wani kaso gidajen caca. Aka yanke masa wata 15. Mutanen da ya ce yana karewa, su ya fara cuta.

25/ Da ya fito sai ya mai da hankali ƙasashen waje. A 2005 wata jami'a mai zaman kanta a Ukraine, MAUP, wadda ta yi suna da buga rubuce-rubucen ƙin Yahudawa, ta ba shi digirin dakta. A 2006 ya halarci taron Tehran na masu ƙaryata kisan kiyashin. An kama shi a Jamhuriyar Czech a 2009 da Jamus a 2011, Italiya ta kore shi a 2013.

26/ A 2016 sunansa ya dawo, da ya nuna goyon bayansa ga Donald Trump. A wata hira da CNN Trump ya ce bai san komai game da shi ba, alhali tun a 2000 ya taɓa kiran sa ɗan Klan. Daga baya ya nesanta kansa da shi. Duke ya sake neman sanata a shekarar, ya samu kashi 3 kawai.

27/ A Agustan 2017 yana wurin gangamin masu rajin fifita farar fata a Charlottesville, inda wani ya kutsa mota cikin masu adawa da su, ya kashe Heather Heyer. A 2020 Twitter ta rufe shafinsa gaba ɗaya.

28/ Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne: daga kashi 44 zuwa kashi 3, mutumin ya ƙare. Dabarar tasa kuwa tana nan da ranta. Ka sami jama'a cikin ƙunci, ka nuna musu maƙwabcinsu, ka zaɓi kalmomin da ba za a kama ka da su ba. Duke hoton 1970 ne ya kayar da shi. Wanda zai yi irin tasa ba tare da hoto ba, shi ne abin tsoro.

29/ Ga kuma inda abin ya shafe mu kai tsaye. Duke yana yawan sukar Isra'ila. A 2019 ya yabi 'yar majalisa Ilhan Omar. A 2024 ya ce yana goyon bayan Jill Stein saboda matsayinta kan Gaza, ita kuwa nan take ta ce ba ta so. Ta san yabon irinsa guba ne.

30/ Don haka in ka ci karo da bidiyonsa yana maganar Falasɗinu, an rubuta "wani dakta Ba'amurke ya faɗi gaskiya", dakata kafin ka tura. Ƙiyayyar Yahudawa ce tun ta 1970 ya samo mata sabuwar riga. Kuma a tsarin da ya shekara hamsin yana wa'azi, ni da kai, baƙaƙen fata, muna can ƙasan layi. Haƙƙin Falasɗinawa yana da masu kare shi na gaskiya, ba ya buƙatar tsohon ɗan Klan.

31/ Abu na ƙarshe, ƙuri'a 227 ce ta buɗe masa ƙofa, fitowar mutane a 1991 ce ta rufe ta. Tambayata gare ku: da kuna Louisiana a ranar, za ku iya dangwala wa wanda kuka san ɓarawo ne, ko gida za ku zauna? Ku ajiye amsa a ƙasa, zan karanta.