Ranar da Kotun Ƙoli ta raba Kano gida uku

Yau daga Riruwai zan mayar da ku 1979, shekarar da ƙuri'un da iyayenmu suka jefa a nan, da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, suka shiga lissafin da ya tsayar da shugaban ƙasa.

An yi zaɓe ranar 11 ga Agusta. Doka ta ce mai nasara sai ya samu rubu'in ƙuri'u a aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi kuwa 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu Kano ya yi rinjaye, kashi 19.94 cikin 100 ya samu. Sai Cif Obafemi Awolowo ya garzaya kotu, ya ce jiha 13 ake buƙata.

To, ku duba yadda alƙalai bakwai suka karanta jimla ɗaya ranar 26 ga Satumba. Mafi yawansu, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Fatai-Williams, suka riƙe lafazi: biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da sulusi biyu, don haka rubu'in sulusi biyu na ƙuri'un Kano ya wadatar, wato sudusi. Shagari ya haura hakan. Mai shari'a Obaseki bai gamsu da lissafin ba, amma ya ce giɓin bai kai a rushe zaɓe ba. Shi kuwa Kayode Eso ya tsaya shi kaɗai: jiha ba ta gutsuruwa, 13 ce kawai.

Kun ga hanyoyi uku ke nan: mai bin lafazi, mai auna girman kuskure, da mai duba abin da doka ke nufi da jiha. Ga kuma sojoji na shirin miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba, saura kwana biyar.

Ni dai hujjar Eso ta fi kwanta mini. Amma abin da nake roƙonku, in kun ji hukunci, kafin ku ce an sayi alƙali, ku fara tambaya: wace hanya ya bi ya karanta dokar? Ku fa, wa kuke ganin ya fi gaskiya? Ku ajiye mini ra'ayinku a ƙasa.