Kogwannin Ellora

Kogwannin Ellora wuraren ibada ne da aka fafe a jikin dutse a jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, kimanin kilomita 30 daga birnin Aurangabad. An sassaƙa su tsakanin ƙarni na 6 da na 10 miladiyya. Guda 34 ne ake ziyarta: 17 na mabiya addinin Hindu, 12 na mabiya Buddha, 5 kuma na mabiya Jain.

Waɗannan addinai uku tushensu ɗaya ne a ƙasar Indiya. Sun yi tarayya a aƙidar karma, wato sakamakon aiki yana bin mai shi, da kuma aƙidar sake haihuwa bayan mutuwa, ko da yake kowanne da irin fassararsa. A Ellora ana ganin wuraren bautarsu jere kafaɗa da kafaɗa a tsauni guda.

Mafi shahara shi ne kogo na 16, haikalin Kailasa na bautar Shiva, abin bautar mabiya Hindu, wanda ake dangantawa da Sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta a ƙarni na 8. Magina ba su ɗora tubali ba. Daga saman dutsen suka faro da guduma da kurfi, suna sara suna gangarowa, har rufi da ginshiƙai da giwayen da ke ɗauke da ginin suka fito daga dutse guda.

Hukumar UNESCO ta sanya Ellora cikin kayan tarihin duniya a 1983.